Marigayi Alhaji Abubakar Imam: Malamin Makarantar da Aikin Jarida Ya Zo Ya Same Shi

Da wuya a sami gidan da aka yi karatun boko a ƙasar Yauri, tun daga Yelwa har Wara, tun daga Shanga har ƙauyukan bakin ruwa, a ce ba a taɓa shiga da littafin Magana Jari Ce cikinsa ba. Da yawa daga cikinmu a cikinsa muka fara jin daɗin karatu, a lokacin da malamin Hausa yake sa mu karanta labaran aku bi da bi, wanda ya yi tuntuɓe 'yan aji su yi masa dariya. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa mutumin da ya rubuta shi bai tashi da niyyar zama marubuci ba, balle ɗan jarida. Aikin koyarwa aka horar da shi ya yi, shi ya fara yi, kuma da al'amura sun tafi yadda aka tsara, a kansa zai tsufa.

Dalilin da ya sa muka zaɓi tarihinsa a fitowar bana ke nan. Kowace shekara 'ya'yanmu suna kammala karatu su dawo gida da takardun shaida, kowa da aikin da ya ƙudura a ransa, galibi na ofis, galibi na gwamnati. Akan yi wa wani tayin aiki a gonar shinkafa, ko a kamfanin da ke sayen kifi da albasa, ko koyarwa a wata makarantar ƙauye, ya ce ba abin da ya karanta ke nan ba, ya koma zaman jira. Shekara ta zagayo, wata ta bi bayanta. Rayuwar Abubakar Imam tana da abin da za ta nuna wa irin waɗannan matasa, har ma da mu iyaye da yayye da muke taya su raina aiki.

Haihuwa da karatu

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda yake cikin Jihar Neja a yau. Ba baƙon wuri ba ne gare mu, domin hanyar da ta tashi daga Yauri ta bi ta Kwantagora da Tegina ta nufi Birnin Gwari da Kaduna, ta Kagara ta ratsa. Mahaifinsa Malam Shehu Usman malami ne kuma alƙali, saboda haka a gidan ilimi ya buɗe ido, ya fara da allo kamar kowane ɗan Musulmi, ya kuma saba da jin Larabci tun yana ƙarami. Wannan tushe ya yi masa rana daga baya fiye da yadda kowa zai zata.

Yayansa, Malam Bello Kagara, wanda ya girme shi da kimanin shekara 20, malami ne a Kwalejin Katsina, kuma a hannunsa Imam ya ci gaba da karatu a Katsina. Ya shiga kwalejin a 1927, ya fita a 1932. Ita wannan makaranta, wadda aka yi bikin buɗe ta a 1922, an kafa ta ne don horar da malaman makaranta, kuma ita ce daga baya ta koma Kaduna, ta sake komawa Zariya, ta zama Kwalejin Barewa. A zamanin Imam ya yi zama tare da Ahmadu Bello, wanda ya shiga gabaninsa da shekara ɗaya, da Abubakar Tafawa Balewa, wanda ya biyo bayansa da shekara ɗaya. Dukansu uku da alli suka fara neman abinci.

Da ya gama sai aka ba shi koyar da Turanci a Makarantar Midil ta Katsina. Ya kamata mai karatu ya fahimci matsayin wannan aiki a wancan lokaci. Waɗanda suka fita daga Kwalejin Katsina ba su da yawa a duk faɗin Arewa, kuma malamin Midil mutum ne mai albashi, mai daraja a idon sarki da talaka, wanda hanyar muƙaman En'e take buɗe a gabansa. Saurayi ɗan shekara 21 da ya sami wannan, ga ɗan'uwa babba a gari, ba shi da wani dalilin hangen nesa.

Gasar 1933

A Zariya akwai wani ofishi na gwamnati da aka fara kira Hukumar Fassara, daga baya ya zama Hukumar Talifi, ƙarƙashin wani Bature mai suna Dokta Rupert East. Matsalar da ta dame shi ita ce an koya wa yara karatun boko da Hausa, amma babu abin da za su karanta don nishaɗi. A 1933 ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai masu ɗan tsawo, aka sa abin ya zama gasa.

Roƙon bai sami karɓuwa da sauƙi ba. A wurin masu ilimi na lokacin, alƙalami na addini ne da waƙar wa'azi da wasiƙun sarakuna. Ƙirƙirar labarin da bai faru ba kuwa tatsuniya ce, aikin tsofaffin mata da yara da daddare, ba abin da malami mai mutunci zai sa sunansa a kai ba. Babu kuma wanda ya taɓa ganin an ci abinci da irin wannan rubutu. Imam yana cikin 'yan kaɗan ɗin da ba su ga ƙasƙanci a abin ba. Ya zauna bayan tashi daga makaranta ya rubuta Ruwan Bagaja, labarin Alhaji Imam da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe, wanda aka buɗe shi a Kwantagora, maƙwabciyarmu.

Littattafai biyar aka zaɓa aka buga daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Daga nan ake fara lissafin ƙagaggun labaran Hausa na boko. Abin lura, cikin marubutan nan Imam ne kaɗai rubutu ya zame wa sana'a. Tafawa Balewa ya ci gaba da koyarwa har siyasa ta ɗauke shi, Bello Kagara ya bi hanyar shari'a har ya zama Walin Katsina. Ba gazawa suka yi ba, kowa da inda rabonsa yake. Amma East ya ga wani abu a rubutun ƙaramin malamin nan na Katsina: Hausa mai gudu kamar ruwa, da barkwanci, da iya ɗauko labari daga littattafan Larabawa a sa masa riga da hula har ya zama ɗan gari.

Wata shida a Zariya

A 1936 East ya nemi a ba shi aron Imam. Ya tafi Zariya ya yi kimanin wata shida, aka tara masa littattafan tatsuniyoyi da hikayoyi na Larabawa da Indiyawa da Turawa, irin su Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Jamusawa na 'yan'uwan Grimm, aka ce ya karanta ya fitar da abin da zai dace da yaran makaranta. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, mai labarai sama da 80, wanda aka buga tsakanin 1937 da 1939. Yana da shekara 25 lokacin da ya rubuta shi.

A nan muke so mai karatu ya tsaya ya duba. Aikin da aka kira shi ya yi na wucin gadi ne, ba ƙarin girma ba ne, kuma a ƙarƙashin wani zai yi shi, wanda zai bi rubutunsa layi layi yana gyara, yana cewa a cire wannan a sake wancan. Malamin da ya saba shi ne mai jan biro a kan aikin yara, yanzu shi ake ja wa. Ba kowane mai takardar Kwalejin Katsina zai jure wannan ba. Imam ya mai da zaman ya zama makaranta ta biyu, inda ya koyi abubuwan da ba a koyarwa a kwaleji: yadda ake tsara littafi, yadda ake daidaita rubutun Hausa, yadda ake duba kurakuran ɗab'i, da yadda ake auna jimla da kunnen mai karatu. Shi kuma ya zo da abin da East ba shi da shi, wato Hausar fada da ta kasuwa da ta zaure, da sanin abin da ke ba Bahaushe dariya. Duk wanda ya karanta yadda aku ya yi ta riƙe Musa ɗan sarki da labari don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri, ya san cewa wannan ba fassara ba ce. Fadar Sarki Abdurrahman fada ce irin tamu, da fadawanta da 'yan gulmarta.

Da ya gama sai ya koma Katsina ya ɗauki allinsa. Wannan ma abin lura ne, domin bai ɗauki kansa ya wuce aji ba don ya rubuta littafi.

Gaskiya Ta Fi Kwabo

Wajen ƙarshen 1938 duniya ta ɗauki zafi, alamun yaƙi tsakanin Ingila da Jamus sun bayyana, jita-jita ta cika kasuwanni. Gwamnatin Arewa ta ga tana bukatar jarida da Hausa wadda za ta riƙa isar da labari ga jama'a kai tsaye. Aka ɗora wa ofishin East nauyin fitar da ita, shi kuwa East ya san wanda yake so. Da yake Imam ma'aikacin ƙasar Katsina ne, sai da aka nemi yardar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko kafin a sake shi. A watan Janairu na 1939 aka fitar da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta farko, Abubakar Imam ne editanta na Hausa, ana sayar da ita kwabo ɗaya.

Wannan karon ba aro ba ne, ƙaura ce. Zai bar Katsina inda ya girma, ya bar aikin da ya iya, ya kama wanda babu wani ɗan Arewa da ya taɓa riƙe irinsa balle ya tambaye shi yadda ake yi. Babu makarantar koyon aikin jarida da ya je. Kalmar edita ma baƙuwa ce. Ga kuma haɗari ta kowane gefe: jaridar ta gwamnati ce, saboda haka Turawa suna sa ido a kan abin da za a buga, sarakuna da hakimai ba su saba a ambaci al'amuran ƙasarsu a takardar da kowane mai kwabo zai saya ba, matasa 'yan boko kuma suna jira su gani ko editan zai zama bakin Nasara ne kawai. Mutumin da ya shiga tsakanin waɗannan uku, kowace fitowa sai ya ɓata wa wani.

Yadda ya bi da lamarin shi ne ya mai da jaridar aji, ya mai da Arewa duka ɗalibai. Dabarun da ya koya a gaban allo su ya kawo: a faɗi abu da sauƙi, a kawo misali, a sa ɗan abin dariya don kada a gaji, a maimaita inda ya yi wuya. Da yaƙi ya ɓarke a watan Satumba na 1939, ta bakin Gaskiya mutanen ƙauye suka riƙa jin inda aka kwana, mai karatu ɗaya yana karanta wa mutum goma a gindin bishiya. Ya buɗe fili ga wasiƙun masu karatu, inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e da 'yan kasuwa suka fara koyon faɗin ra'ayinsu a rubuce, kan ilimi da tsabta da cin hanci da halin da talaka yake ciki. A ganinmu wannan fili ya fi kowane shafi na jaridar tasiri, domin a nan 'yan Arewa da ba su taɓa haɗuwa ba suka gane cewa damuwarsu iri ɗaya ce. Har ila yau jaridar ta taimaka ƙwarai wajen zaunar da ƙa'idojin rubutun Hausa, ta kuma saba wa mutane da sababbin kalmomi na mulki da kimiyya da yaƙi, waɗanda sau da yawa a teburin edita ake fara ƙera su.

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya, da maɗaba'arsa, aikin ya faɗaɗa. Daga wannan gida ne littattafai da dama suka fito, ciki har da wanda ya shafe mu kai tsaye, Mungo Park Mabuɗin Kwara na Malam Nuhu Bamalli, labarin Baturen da ya biyo kogi ya ratsa Yauri kafin ajali ya same shi a Busa a 1806. Imam ya riƙe jaridar sama da shekara goma.

Tafiya Ingila

A 1943, ana tsakiyar yaƙi, aka gayyaci 'yan jarida takwas daga Afirka ta Yamma su ziyarci Ingila. Imam ne kaɗai ɗan Arewacin Nijeriya a cikinsu, kuma a ayarin akwai Nnamdi Azikiwe, mai jaridar West African Pilot ta Legas. Shekara huɗu kacal da barinsa aji, ga shi cikin jirgin ruwa a tekun da jiragen yaƙin Jamus suke farauta. Labarin tafiyar ya rubuta shi a littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Abu biyu suka faru a can da suka nuna irin mutumin. Azikiwe ya tsara wata takarda ta neman a sa wa'adin mulkin kai ga ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Ingila, ya nemi abokan tafiya su sa hannu. Imam ya ƙi. Masu suka sun ɗauki wannan a matsayin tsoron Turawa, har yau ma akwai masu ganin haka. Amma a tafiyar nan ɗaya ya sadu da Lugga, tsohon Gwamna, wanda ya kafa tsarin mulki ta hannun sarakuna, ya bayyana masa aibobin tsarin ba tare da kwana-kwana ba, sa'an nan ya bi da dogayen wasiƙu: yadda ake danne talaka, yadda aka ware matasa masu ilimi daga shawara, da yadda ilimin boko ya yi ƙaranci a Arewa. Wanda tsoro ya hana shi sa hannu a takarda ba zai yi wannan ba. Mu dai abin da muka fahimta shi ne bai yarda ya sa hannu da sunan Arewa a kan abin da ba a shawarci mutanenta ba, kuma yana ganin akwai gyaran cikin gida da ya riga wa'adi muhimmanci. Ko an yarda da shi ko ba a yarda ba, ya nuna cewa karɓar aiki daga hannun wani bai sa ya sallama masa ra'ayinsa ba.

Abin da ya shafe mu

Mutanen ƙasar Yauri sun san sauyin sana'a fiye da yawancin jama'ar Arewa, sai dai namu bai zo da sallama ba. Lokacin da aka gina madatsar ruwa ta Kainji tsakanin 1964 da 1968, ruwa ya cinye tsibirai da fadamu, aka tashi dubban mutane, musamman Gungawa, aka mai da su sababbin matsugunai a tudu. Wanda ya gaji noman tsibiri ya koyi noman tudu, wani ya koma su a tafki mai faɗi da bai san halinsa ba, wani ya kama fataucin kifi ko tuƙin jirgin ruwa mai inji. Iyayenmu ba su da takardar shaidar ko ɗaya daga cikin waɗannan, amma da su suka biya mana kuɗin makaranta. Abin mamaki ne a ce jikokin waɗannan mutane su ne yau suke ganin takarda ta ɗaure su ga aiki ɗaya tak.

Sai dai kada a fahimce mu a karkace. Imam bai yi ta tsalle daga wannan aiki zuwa wancan ba. Duk ƙofar da ta buɗe masa, wani aiki ne da ya riga ya yi da kyau ya buɗe ta. Ruwan Bagaja ya jawo kiran 1936, zaman wata shida ya jawo kujerar edita, kujerar edita ta kai shi Landan. Da ya yi wa gasar 1933 riƙon sakainar kashi, da East bai sake tuna sunansa ba. Kuma a kowane mataki akwai babba da ya lura da shi, akwai kuma babba da ya yarda ya sake shi. Wannan kashi na biyu namu ne, mu da muke da ofisoshi da shaguna da gonaki, kuma muke zaune a ƙungiya irin wannan. Sau nawa muka kira wani yaro daga Ngaski ko Shanga muka gwada shi da aikin wata shida?

Sauran ayyukansa

Daga jarida siyasa ta jawo shi. Yana cikin 'yan bokon da suka yi fafutukar kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma a zaɓen 1951 ya shiga Majalisar Dokokin Arewa da Majalisar Wakilai ta Legas. A 1953 ya sauke farali, ya ga wahalar da alhazanmu suke sha, ya dawo ya matsa wa gwamnati ta sa hannu a kula da su. Labarin tafiyar yana cikin Haji Mabuɗin Ilmi. Bai daɗe a siyasar jam'iyya ba. Ya koma kula da sashen littattafai a hukumar NORLA a zamanin Yaƙi da Jahilci, sa'an nan a tsakiyar shekarun 1950 aka naɗa shi cikin Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, wadda daga baya ya shugabanta, a daidai lokacin da ake ƙoƙarin cike guraben aiki da 'yan Arewa. Mutumin da bai taɓa rubuta takardar neman aikin da ya yi suna da shi ba, shi ne ya zauna yana tantance masu neman aiki. Bayan haka ya yi aiki da kamfanin buga littattafai na NNPC a Zariya, wanda aka kafa a 1966, ya kuma riƙe kujerar karɓar koke-koken jama'a a Kaduna.

Duk da waɗannan hidimomi bai ajiye alƙalami ba. Ya rubuta Ƙaramin Sani Ƙuƙumi, ya haɗa hannu da East suka rubuta Ikon Allah a kan halittu da al'amuran kimiyya, ya kuma yi rubuce-rubuce a kan tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da na sahabbai. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na dokta.

Allah ya yi masa rasuwa a Zariya ranar 19 ga watan Yuni, 1981, yana da shekara 70. A 1989 aka buga tarihin rayuwarsa da ya bari a rubuce, wanda Alhaji Abdurrahman Mora ya tace. Allah ya jiƙansa da rahama, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.